Majalisar bogi ta Kansas, 1855

Ƙanena da ke karatun aikin gona a Manhattan ta jihar Kansas (ba waccan ta New York ba, wannan ƙaramin gari ne a tsakiyar Amurka, jami'ar garin ce ma ta taimaka wa ABU Zariya wajen ɗora tsangayar noma da ta likitan dabbobi shekarun baya) shi ya turo min wani hoto a WhatsApp kwanakin baya. Gini ne na dutse, bene, ƙasa da sama, tsaye shi kaɗai ba gida kusa da shi, in ka gan shi sai ka ce tsohon siton gyaɗa. Ya rubuto a ƙasan hoton, Yaya ga majalisar dokokin Kansas ta farko, kwana biyar kacal suka zauna a ciki. Ya san halina da son tarihi, ya san ba zan bari ba. To kuwa ban bari ba, sati biyu kenan duk dare in yara sun yi barci abin da nake karantawa kenan, kuma wallahi labarin ya tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari in zo in amayar muku da shi a nan.

Sai an fara gane yadda Amurka ke tafiyar da sabuwar ƙasar da ta mamaye a wancan zamanin. Ba a cewa jiha kai tsaye, "yanki" ake ce mata tukuna, kamar ɗan koyo ne da bai samu 'yanci daga maigida ba. Shugaban ƙasa shi ke naɗo gwamna da sakatare da alƙalai daga Washington, mutanen wurin kuma a bar musu abu biyu, su zaɓi majalisar dokokinsu, su kuma zaɓi wakili ɗaya da zai je majalisar tarayya ya yi magana amma ba shi da ƙuri'a. Majalisar Kansas gida biyu aka yi mata, na sama mutum 13, na ƙasa mutum 26, duka 39 kenan. Gwamna na iya hawa kujerar na-ƙi a kan ƙudiri, su kuma in sun haɗa kashi biyu cikin uku su tsallake shi. In mutane suka yi yawa sai su rubuta tsarin mulki su nemi a karɓe su a matsayin jiha. Kun ga kenan majalisar farko ita ce mai aza harsashi, duk yadda ta aza haka gini zai tashi.

Kuma kar a ce daji ne ba kowa. Akwai mutane. Ƙabilar Kansa da ta Osage nan ne gidansu tun asali, sunan jihar ma daga Kansa ɗin aka samo shi, sannan ga Shawnee da Delaware da Kickapoo da wasu waɗanda gwamnati ta taso daga gabas ta zube su a nan da alƙawarin cewa wannan kam taku ce ba mai sake taɓa ku. A 1854 aka sake zuwa musu da takardun yarjejeniya. Shawnee kaɗai daga eka miliyan 1.6 aka bar musu dubu 200. Duk wannan rigimar da zan ba ku labari a kan ƙasarsu aka yi ta, kuma ba wanda ya ce musu me kuka gani.

Ranar 30 ga Mayun 1854 Shugaba Franklin Pierce ya sa hannu a dokar da ta kafa yankunan Kansas da Nebraska, Sanata Stephen Douglas na Illinois ne ya ɗauki nauyinta. Kafin nan akwai sulhun da aka yi tun 1820 wanda ya ce duk wannan shiyya ba a riƙe bayi a cikinta. Sabuwar doka ta rushe wannan, ta ce a bar wa mazauna wurin su yanke da kansu, su yarda da bayi ko su ƙi. A kunne abin da daɗi, ai mutane ne za su zaɓa. Amma dokar ba ta faɗi tsawon lokacin da mutum zai zauna kafin a ce masa mazauni ba, ta dai ce namiji, farar fata, mai shekara 21, wanda yake zaune a yankin. Ta wannan 'yar kafar aka shigo.

Maƙwabciyar Kansas ta gabas ita ce Missouri, jihar da ake bauta, kuma masu bayin nata sun fi yawa a bakin kogi ta yamma, daf da iyaka, suna noman taba da wata irin rama da ake tufka igiya da ita. Gabas da su Illinois ba bauta, arewa Iowa ba bauta, in Kansas ma ta tafi haka an zagaye su ta gefe uku kenan, bawa ya tsallaka dare ɗaya ya ɓace. Ga kuma lissafin majalisar dattawa, kowace jiha sanata biyu, duk ɓangaren da ya samu Kansas ya ƙara nauyi. Can kuma a Massachusetts wani Eli Thayer ya kafa kamfanin da ke taimaka wa masu ƙin bauta su yi ƙaura zuwa Kansas, su suka kafa garin Lawrence. Mutanen da kamfanin ya kai ba su da wani yawa, amma a Missouri labarin ya kumbura ana cewa dubbai ne ake saya ana turowa. David Atchison, wanda ya yi shekaru yana sanatan Missouri, shi ya shiga gaba yana zagaya garuruwa yana tara matasa.

Gwamnan farko Andrew Reeder ne, lauya daga Pennsylvania. Ya sa aka yi ƙidaya a farkon 1855, aka samu mutum kusan 8,600, masu ƙuri'a a cikinsu 2,905, bayi 192. Ku riƙe wannan 2,905 ɗin. Aka sa zaɓe 30 ga Maris. Tun ana gobe ayari-ayari suka fara tsallakowa daga Missouri, a kan dawaki da kekunan doki, da tantuna da guzuri da bindigogi da wuƙaƙe da tutoci, ba wani ɓoye-ɓoye, kuma an tsara su an raba su mazaɓa-mazaɓa yadda kowace za ta samu isassu. A Lawrence kusan mutum dubu suka sauka har da igwa biyu. Hujjarsu ita ce ai muna nan yau, kuma muna da niyyar kama fili, saboda haka mu mazauna ne. Malamin zaɓen da ya ce sai sun yi rantsuwa a ture shi a sa nasu.

Wanda ya fi ɗaga min hankali abin da ya faru ne a wata rumfa a Bloomington. Malaman zaɓe suka ƙi karɓar ƙuri'ar baƙi, sai aka fasa ɗakin aka shigo musu, wani Samuel Jones wanda shi ne shugaban gidan waya a Westport ta Missouri ya ciro agogonsa ya ce ya ba su minti biyar su ajiye aiki ko su mutu. Ku riƙe sunan nan shi ma, zai dawo.

Da aka ƙirga, ƙuri'a sama da 6,300 aka jefa a yankin da masu zaɓensa ba su kai 3,000 ba. Masu son bauta suka tashi da 5,427, suka kwashe kusan duk kujerun. Shekara ɗaya bayan haka majalisar wakilai ta tarayya ta turo kwamitin mutum uku ƙarƙashin William Howard, suka zauna suka saurari shaidu suka gwada sunayen rajistar zaɓe da na ƙidaya ɗaya bayan ɗaya, mafi rinjayensu suka ce kusan 4,900 na haram ne, na halak 1,410 kawai, saboda mazauna da yawa da suka ga bindiga komawa gida suka yi. Abin da ya ba ni mamaki kuma ya ba ni takaici shi ne masana tarihi da yawa na ganin ko ba a yi wannan aringizo ba da alama masu son bautar ne za su ci, don a lokacin mafi yawan waɗanda suka riga suka zauna a Kansas daga Missouri da sauran jihohin kudu suka fito. Wato abin da ƙila zai zo hannunsu da rana tsaka shi suka haura katanga suka sata, kuma tun daga ranar ba su sake samun wanda zai yarda da su ba a ɗaya ɓangaren. Sunan da aka laƙaba musu shi ne majalisar bogi, har yau kuma da shi ake kiran su.

Reeder ya san abin da aka yi sarai. Amma 'yan takarar sun zo ofishinsa da makamai suna jiran takardar shaidar cin zaɓe, kuma mazaɓu kaɗan ne aka iya shigar da ƙorafi a kansu kafin wa'adi ya cika. Sai ya soke na mazaɓu shida ya sa aka sake a watan Mayu, masu ƙin bauta suka ci mafi yawansu, sauran kuma ya ba su takarda. Ni a ganina a nan ya yi sake, rabin magani ya ba mara lafiya, don rinjayen da ya bari a hannunsu ya isa su yi duk abin da suka ga dama har da tsallake shi kansa.

Sai ya kira zaman farko a Pawnee, wani sabon gari kusa da barikin soja na Fort Riley, tafiyar kwanaki daga iyakar Missouri. Ya ce don a nisanta majalisa da 'yan dabar kan iyaka ne, kuma akwai gaskiya a ciki. To amma in ɓera na da sata daddawa ma na da wari, shi kansa gwamnan yana da hannun jari a kamfanin da ke yanka filayen Pawnee, in garin ya zama hedikwata kuɗinsa ne zai ninka. Ranar 2 ga Yulin 1855 aka buɗe zama a wannan ginin na hoton ƙanena, wanda dama sito aka gina shi kuma ba a ma gama shi sosai ba, 'yan gidan ƙasa a ƙasa, 'yan gidan sama a bene, da yawansu a tanti da cikin kekunan doki suke kwana suna dafa abincinsu a fili. Abu biyu suka yi a kwana biyar ɗin. Suka kori waɗanda suka ci zaɓen Mayu suka mayar da nasu na Maris, sannan suka yi dokar ɗauke majalisa daga Pawnee. Reeder ya hau kujerar na-ƙi, suka tsallake shi, ranar 6 ga wata suka naɗe tantuna. Martin Conway dama ya riga ya ajiye kujerarsa ya ce ba zai zauna da su ba, Samuel Houston wanda shi kaɗai ya rage daga masu ƙin bauta ya ɗan daure sannan shi ma ya fita. Garin Pawnee ma bai ga ƙarshen shekarar ba, ministan yaƙi Jefferson Davis ya ce ai yana cikin filin bariki, sojoji suka rushe gidajen, ginin dutsen ne ya tsira.

Inda suka koma makarantar mishan ce ta Shawnee, daf da iyakar Missouri, ranar 16 ga Yuli. Makarantar kwana ce da ake kawo 'ya'yan 'yan asalin ƙasar ana koya musu Turanci da addinin Kirista da aikin hannu. Mai makarantar, Fasto Thomas Johnson, yana da bayi, kuma shi aka zaɓa shugaban gidan sama. Kakakin gidan ƙasa wani likita ne John Stringfellow, mai jaridar da ba ta da aiki sai zuga mutane a kan masu ƙin bauta. Da yawa daga cikin 'yan majalisar a Missouri suke kwana su tsallako da safe su yi wa Kansas doka su koma da yamma. Reeder ya ce tunda ba a inda doka ta ce suke zaune ba duk ƙudirin da suka kawo ba zai sa hannu ba, su kuma suka dinga tsallake shi suka rubuta wa shugaban ƙasa a cire shi. Pierce ya cire shi, hujjar da aka bayar ita ce harkar filaye, ba a ambaci zaɓe ba. Sakataren yanki Daniel Woodson, nasu ne, ya zama muƙaddashi ya dinga rattaba hannu.

Yanzu ga aikin da suka yi, kuma a nan nake so ku tsaya da ni. Daga tsakiyar Yuli zuwa 30 ga Agusta, sati shida da 'yan kwanaki, suka fitar da littafin dokoki mai shafi sama da dubu. Ba wani sihiri, dokokin Missouri suka kwaso kusan ɗungurungum suna mayar da "jiha" "yanki". Kuma in ka duba mafi yawan abin da ke ciki aikin yau da kullum ne wanda kowace sabuwar ƙasa ke buƙata, yadda za a raba gado, yadda za a bi bashi, aure, kotuna, haraji, inda hanya za ta bi, wa aka ba izinin fito a wane mashigin kogi, rajistar sababbin garuruwa. Sun yanka gundumomi talatin da wani abu suka raɗa musu suna, suka tsayar da Lecompton a matsayin hedikwata. Manomin da ya kafa bukkarsa a bakin rafi yana buƙatar duk waɗannan, yana son in maƙwabci ya ci masa iyaka ya san inda zai kai ƙara, in ya mutu a san yadda za a yi da gonarsa. Abin da ya sa labarin ya yi min ciwo kenan, don sun haɗa abin da mutane ba za su iya rayuwa ba tare da shi ba da abin da mai imani ba zai iya haɗiyewa ba, suka ɗinke a littafi ɗaya suka ce karɓi duka.

Abin da ba ya haɗiyuwa ɗin ita ce dokar hukunta laifuka a kan "dukiyar bayi", haka suka kira mutane. Wanda ya tayar da boren bayi ko ya taimaka, kisa. Wanda ya janye bawa daga hannun ubangidansa don ya 'yanta shi, kisa ko ɗaurin gwale-gwale na aƙalla shekara goma. Wanda ya buga ko ya shigo da littafi ko jarida da za ta iya sa bayi su yi bore ko su gudu, aƙalla shekara biyar. Sai sashe na 12, wanda na karanta ya fi sau biyar: duk wani ɗa da ya faɗa da bakinsa ko ya rubuta cewa mutane ba su da haƙƙin mallakar bayi a wannan yanki, ya yi babban laifi, aƙalla shekara biyu da aiki mai tsanani. Ku duba fa. Dokar da ta kafa Kansas cewa ta yi mazauna su tattauna su yanke ko suna so ko ba sa so, majalisar farko kuma ta zo ta ce wanda ya furta "ba na so" gidan yari. Ba sai ka ɓoye bawa ba, ba sai ka ɗauki bindiga ba, a teburin cin abinci ka faɗi ra'ayinka wani ya ji ya isa. Kuma mutum 192 ɗin nan da ake duk wannan a kansu, maza da mata da yara, wasunsu suna cikin harabar makarantar da ake zaman suna ɗebo ruwa suna girki. Ba na karanta wannan da ɗaga kai kamar mu tsarkaka ne, a wannan shekarar ta 1855 ana sayar da mutane a kasuwannin ƙasarmu mu ma, shi ya sa ma abin ya fi taɓa ni.

Ba su tsaya nan ba, sai da suka toshe duk ƙofar da za a iya biyowa a gyara. Wanda zuciyarsa ba ta yarda da bauta ba ba zai zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci a irin wannan shari'a ba. Mai riƙe muƙami sai ya rantse zai goyi bayan dokar tarayya ta kamo bayin da suka gudu, mai zaɓe ma in aka ƙalubalance shi sai ya yi wannan rantsuwa. Jami'an gundumomi kuwa ba a bar wa mutane su zaɓa ba, majalisar ce ta naɗa su da kanta. Kun tuna mai agogon nan, Samuel Jones? Shi suka naɗa shugaban 'yan doka na gundumar Douglas, gundumar da Lawrence ke cikinta. An ba kura ajiyar nama.

Dokar bayin ta fara aiki 15 ga Satumba. A ranar wani ɗan jarida a Lawrence, John Speer, ya cika shafi guda da manyan baƙaƙe yana faɗin daidai abin da sashe na 12 ya hana, ya ce mutane ba su da haƙƙin riƙe bayi a Kansas. Na ji daɗin wannan mutumin ƙwarai. Masu ƙin bauta gaba ɗaya suka yanke ba za su san da wannan majalisa ba, ba za su shiga zaɓenta ba, ba za su je kotunanta ba, suka taru a Topeka suka rubuta nasu tsarin mulkin suka zaɓi nasu gwamnan, Charles Robinson, da tasu majalisar. Yanki ɗaya gwamnati biyu. Amma gaskiya ɗaya ce sai an faɗe ta, ba dukansu ne don tausayin bayi suke yi ba, da yawa ƙasar suke so ta zama ta fararen manoma zalla, kuma da aka jefa ƙuri'a a kan tsarin mulkin Topeka a Disamban 1855 kusan kashi uku cikin huɗu suka amince a hana baƙar fata ko da ɗa ne zama a Kansas. Wannan ya sanyaya min jiki lokacin da na gani, don na riga na fara ɗaukarsu jarumai gaba ɗaya.

Illar rashin hukumar da kowa ya yarda da ita ba ta jima ba ta fito. A Nuwamban 1855 rigimar iyakar fili ta haɗa maƙwabta biyu, Franklin Coleman mai goyon bayan bauta ya harbe Charles Dow. A ƙasar da ke da doka wannan shari'ar kisan kai ce kawai. A nan Jones ya je ya kama abokin mamacin, mutane suka tare hanya cikin dare suka ƙwace shi, kafin ka ce kwabo sama da mutum dubu daga Missouri sun yi sansani a bakin Lawrence. An sasanta wannan karon. Amma a Janairun 1856 Pierce ya fito ya ce majalisar Shawnee ita ce halattacciya, ta Topeka tawaye ce, wato hatimin gwamnatin tarayya da sojojinta sun koma bayan ƙuri'ar sata. Ranar 21 ga Mayu Jones ya shiga Lawrence da ɗaruruwan mutane suka rushe babban otal ɗin garin suka farfasa maɗaba'ar jaridu biyu suka ƙona gidan Robinson. Washegari a cikin zauren majalisar dattawa a Washington wani ɗan majalisa Preston Brooks ya yi wa Sanata Charles Sumner dukan kawo wuƙa da sanda saboda jawabin da ya yi a kan Kansas. Bayan kwana biyu John Brown da 'ya'yansa da wasu suka bi gidaje cikin dare a bakin rafin Pottawatomie suka kashe mutum biyar daga ɓangaren masu son bauta, wannan ma kisan gilla ne ba na neman masa uzuri. Shi kuwa Reeder wanda ya koma ɓangaren Topeka, sai da ya yi shigar mai faskare kafin ya samu ya sulale daga yankin. Ranar 4 ga Yulin 1856, ranar bikin 'yancin kan Amurka, Kanar Edwin Sumner ya zo Topeka da dakarun doki da igwa ya tarwatsa majalisar masu ƙin bauta.

Abin da ya juya lamarin a ƙarshe zaɓe ne kuma, da gwamna ɗaya da ya tsaya. A Oktoban 1857 masu ƙin bauta suka yarda suka shiga, don zuwa lokacin sun fi yawa nesa ba kusa ba. Aka sake gwada tsohuwar dabara, wani ɗan ƙauye Oxford mai gidaje 'yan ƙalilan ya kawo ƙuri'a 1,628, daga baya aka gano daga littafin sunayen mazauna birnin Cincinnati aka kwafo su. Gwamna Robert Walker, mutumin da ya yi sanatan Mississippi, wato ɗan ɓangaren kudu ne, ya je da ƙafarsa ya ga ƙauyen ya dawo ya yi watsi da sakamakon, da na wata gunduma McGee. Abin da Reeder ya yi rabi shi ya yi shi cikakke, kuma bai daɗe a kujerar ba bayan nan. Majalisa ta koma hannun masu ƙin bauta. Tsarin mulkin da masu son bauta suka rubuta a Lecompton don Kansas ta zama jiha mai bayi, duk da Shugaba James Buchanan ya dage a kansa, mutanen Kansas sun yi fatali da shi a Agustan 1858 da ƙuri'a 11,300 a kan 1,788. A farkon 1859 majalisa ta soke dokokin 1855, daren da aka tashi daga zama aka hura wuta a titin Lawrence aka jefa littafin a ciki. A Fabrairun 1860 ta haramta bauta, gwamna Samuel Medary ya hau kujerar na-ƙi, suka tsallake shi da irin kashi biyu cikin ukun da aka tsallake Reeder da shi. Kansas ta zama jiha 29 ga Janairun 1861, ba a yi wata uku ba yaƙin basasa ya ɓarke.

Sunayen gundumomi ma an bi wasu an goge, Calhoun ta koma Jackson, Breckinridge ta koma Lyon, Davis sai 1889 ta koma Geary. Wasu kuma suna nan, akwai Atchison, akwai Douglas, kuma gundumar da ta fi kowace yawan jama'a a Kansas yau sunan Fasto Johnson take ɗauke da shi. Na ce wa ƙanena in ya samu hutu ya daure ya je Shawnee ɗin ya ɗauko min hoto, don gine-gine uku na jan bulo na makarantar suna nan tsaye a gefen Kansas City an mayar da su wurin tarihi. A 'yan shekarun nan shugabannin ƙabilar Shawnee suna ta neman a mayar musu da wurin, suna kuma so a binciki harabar ko akwai kaburburan yaran da suka mutu a makarantar ba a sa musu alama ba. Ya ce sai bayan jarabawa, wajen Disamba in Allah ya kai mu.